Garuba Mai Sini Ya Ba Da Lamba

Garuba ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni Mamuna ni na goye shi, don lokacin da aka haife shi Mma tana fita sayar da goro tun da sassafe, sai yamma take dawowa. Ni a aji shida na tsaya, shi ma bai wuce ni da nisa ba. Amma Allah ya ba yaron nan baki. Tun bai iya ɗaura wando ba yake kwaikwayon mutanen gidan hayarmu a Moshi Zango. Ya yi muryar mai gida Ashanti idan ya zo faɗan bola, ya yi ta tsohuwa Bamosa mai dawadawa, ya yi ta ladan mai mura. Mata su bar tuwo a wuta su zo kallo. Mma ta sha dukansa a kan haka, tana dukan tana dariya.

Da ya girma an kai shi Suwame Magazin ya koyi gyaran mota. Bai iya ba. Ogansa ya ce da ni, "Mamuna, ƙanenki ba fita mai gyaran mota ba ne, rediyo ne. Duk ranar da ya zo babu mai aiki a garejina." Amma zaman nan bai tashi a banza ba. A bayan garejin akwai wata tsohuwar tirotiro, motar haya, da aka jingine, kaji na ƙwai a ciki. Garuba ya dinga lallaɓa ta, yau taya, gobe batir, abokansa suna taya shi, har ta tashi. Ya cire kujerun duka. Ya sa gado a baya, da durom na ruwa, da risho, da akwatin kaya, ya rataya buta da darduma. Ya shafa mata fenti kore. Nan ne ɗakinsa, nan ne kicin ɗinsa, nan ne shagonsa. Ya ɗora dish a kanta, ya samo majigi da farin ƙyalle da lasifika biyu da ƙaramin janareto, ya ce shi sini, wato fim, zai dinga nunawa.

Ba a Kumasi ba. A Kumasi kowa na da talabijin. Shi bin 'yan shanu ya yi. Ya bi kara kara, wato kasuwannin shanu, Ejura, Atebubu, Yeji, ya haura har Buipe, wani lokaci ya wuce Tamale. Wuraren nan makiyaya da dillalai suna kwana a gefen dabbobinsu, nesa da gari, babu wuta, waya ma ba ta kamawa sai ka hau tudu. Idan suka hango koriyar mota tana tahowa tana tari, sai ka ji ihu, "Mai Sini ya zo!"

To ga yadda yake aikinsa, don shi ne abin da mutane ba su gane ba. Da safe ba ya taɓa mota. Kasuwa yake shiga. Ya zauna wurin mai shayi, ya tsaya inda ake ciniki, ya leƙa inda mata ke sayar da nono, yana ta kwasar labari. Wane ya sayi sa mai tari, wane ya faɗi a kan babur gaban surukinsa, wane ya ci bashin rantsuwa. Bayan magariba sai ya ɗaura ƙyalle a jikin mota, ya sa fim ɗin Indiya ko na 'yan Cana masu faɗa, ya kashe muryar fim ɗin gaba ɗaya kuraa, ya ɗauki makirfo. Shi ne jarumi, shi ne budurwa, shi ne mugu, shi ne doki. Da Hausa, da Tuwi, da Fillanci, da Mosanci, duk wanda ya zo bakinsa. Kuma abin da ya kwaso da safe shi yake zuba wa 'yan fim a baki.

Ni kifi banda nake sayarwa a kasuwar Race Course ta Kumasi, daga Yeji nake saro shi, shi ya sa nakan bi motarsa idan hanyarmu ta zo ɗaya. Na gani da idona. Akwai wani babban dillali, Alhaji Basiru, mutum mai tumbi da son girma. Ran nan a fim mugu ya fito yana shafa gemu yana kallon wata yarinya, sai Garuba ya kumbura murya ya ce, "Wallahi lafiyarta lau, Alhaji, ba tari take yi ba, gaisuwa ce irin ta shanun Burkina." Wuri ya fashe. Har waɗanda suka hau kan buhunan dusa suka faɗo. Alhaji Basiru ya miƙe yana nuna shi da carbi, "Kai ɗan banzan yaro, zan sa a kwance maka taya!" Yana faɗa hawaye na zubo masa don dariya. Gari na wayewa shi ne ya aiko masa da cinyar akuya.

Haka suke da shi. Babu tikiti. Wani ya ba shi nono, wani nama, wani ya zuba masa mai a galan, wani ya jefa abin da ya samu a hula. Bai yi arziki ba, amma bai taɓa kwana da yunwa ba. Aure ma sau ɗaya ya gwada, Nasira yarinyar kirki, ta ce ba za ta iya zama da mijin da gidansa ke da taya ba. Suka rabu lafiya. Na yi faɗa har na gaji. Ya ce, "Yaya, ni idan na kwana biyu ban ji mutane sun yi dariya tare ba, zazzaɓi nake yi."

Dish ɗin nan na ƙwallo ne. Ranar da ake manyan wasanni sai ya hau kan mota yana juya shi, mutane a ƙasa suna kallon ƙyalle suna ihu, "Ya zo! Ya tafi! Koma hagu! Kai, hagunka ba namu ba!" Wani lokaci har a ci ƙwallo yana can sama yana juyi. Hadari na tasowa kuma hoto ya ɗauke. Finafinan ma da yake ɗaukowa a memori daga shagunan Adum sun fara tsufa, wasu ya nuna su har makiyaya suna riga shi faɗin abin da zai faru. Abin yana damunsa sosai paa.

Sai wani abokinsa Sadick mai shagon waya ya nuna masa sabon abu. Wani farin faranti ne shimfiɗaɗɗe kamar tiren shayi. Ba a juya shi, ka ajiye shi kawai a kan mota ya ga sama, shi da kansa yake neman tauraronsa ya jawo intanet, ko a tsakiyar daji kake. Ƙwallo, fim, wa'azi, duk abin da kake so ka danna ya zo. Sadick bai yi masa ƙarya ba, abin yana yi yadda aka ce. Garuba ya sayar da tsohon dish da janareto, ya haɗa da ɗan abin da ya tara, ya sayi farantin, ya sa sola a rufin mota.

Ranar da ya fara kirana daga kara na ga fuskarsa a waya, ga shanu a bayansa, wallahi na tashi na yi rawa a tsakiyar Race Course. Na bi tebur tebur ina nuna wa mata, "Ku ga ƙanena, yana daji amma ga shi nan!" Shekara da shekaru idan ya tafi sai dai in yi ta addu'a, in tambayi direbobi ko sun gan shi. Yanzu kullum bayan azahar ina ganin ko ya rame ko bai rame ba. Na ce Allah ya saka wa wanda ya ƙera abin nan.

Makon farko a Atebubu abin ya yi daɗi. An ga ƙwallo tun daga farko har ƙarshe, ba mai hawa kan mota. Ya sa sababbin finafinai. Sai wani tsohon makiyayi, Baba Abdulai, mutumin wajen Dori ta Burkina, ya zo ya tsuguna bakin ƙofar mota. Ya daɗe rabonsa da gida saboda hanya ba lafiya. Ya ce, "Mai Sini, an ce abin nan naka yana kai magana ko'ina. 'Yata ta haihu, ban ga jaririn ba. Ko za ka ara min?"

Abin yana da lambar sirri, sai an sa maka ita a waya kafin ya kama. Garuba ya karɓi wayar tsohon ya sa masa. Ya ce min da fuskar jaririn ta fito, Baba Abdulai ya cire malafa ya rufe fuskarsa da ita, kafaɗunsa na rawa. Ku gaya min, wane ɗan Musulmi ne zai hana?

Mu a gidan hayar da muka tashi, akwai abubuwan da ba a hana maƙwabci kuma ba a sayar masa. Ruwa, garwashin hura wuta, gishiri. Ko kun yi faɗa da safe, da yamma ta aiko a ɗebi wuta sai ki ba ta. Wadda ta hana, har 'ya'yanta sai sun ji a bakin mutane. A kara ma haka ne, butarka ta kowa ce, wutar shayinka ta kowa ce. Mutanen nan da Garuba duk a haka suka ɗauki lambar nan. Abu ne da ke saukowa daga sama, ba ya ƙarewa don wani ya ɗiba. Kafin la'asar na biyu ya zo, na uku ya zo. Wanda aka sa wa ya sa wa ɗan'uwansa. Wani ya rubuta ta da gawayi a bangon masallacin kara don kada a dinga wahalar da Mai Sini.

Sadick ya ce masa ya dinga sayarwa, awa kaza kuɗi kaza. Garuba ya ce, "Cale, abokina, mutumin da na sha nononsa shekara da shekaru, in ce ya biya kafin ya gaida uwarsa? Da wane bakin?"

Daga nan abin ya fara canzawa, a hankali. Har yanzu suna ihu idan mota ta shigo, ihun ma ya fi na da. Amma kafin ya kashe inji sun zagaye ta da wayoyi a sama, "Mai Sini, kunna! Kunna!" Ya ɗaura ƙyalle bayan magariba, mutane sun cika wurin, amma kowa kansa a ƙasa. Wannan yana magana da matarsa, wancan yana kallon kokawa, wani wa'azi, wani 'yan mata masu rawa, ya juya baya kada a gani. Inda abin ya fi ƙarfi bayan mota ne, sai suka koma can suka jingina, ƙyalle na gaba babu kowa sai tsofaffin da ba su da babbar waya. Ya jefa wasa, mutum biyu su yi dariya. Can bayan mota kuma wani ya ƙyalƙyale shi kaɗai a kan abin da shi kaɗai ya gani.

Da ya kira ni na ga fuskarsa ba daidai ba. Na ce, "Ba ka da lafiya?"

Ya ce, "Lafiya lau, Yaya. Mutane ma sun fi da yawa."

"To me ye?"

"Ba wurina suke zuwa ba."

Na ce ya canza lambar mana. Ya canza sau ɗaya a Ejura. Alhaji Basiru ya zo da kansa da waya a hannu, ya ce, "Mai Sini, abin ya lalace ne? Ina so in nuna wa mai saye a Akara bijimin nan." Garuba ya ce ya ji kunya kamar an kama shi yana ɓoye tulun ruwa. Ya karɓa ya sa masa. Kafin azahar sabuwar ma tana jikin bango.

Tafiyar da muka yi Yeji tare da shi ta ƙarshe, tun a hanya ya ce min ya yanke shawara. Ba zai hana kowa ba, amma lokacin sini zai kashe farantin, idan an gama ya kunna. Na ce wannan daidai ne. Da muka isa ya gaya wa Alhaji Basiru, Alhaji ya ce, "Yo, haƙƙinka ne. Zan faɗa musu."

Da safe na tafi bakin ruwa wurin masu kifi, shi ya shiga kara neman labari. Na dawo na same shi zaune a kan matakalar mota. Na ce, "Ka samo?"

Ya ce, "Na zauna wurin mai shayi har shayina ya huce. Mutum takwas ne ko tara a benci, ba wanda ya ce uffan. Na tambayi wani me ake ciki, ya miƙo min waya ya ce in ga wani biri yana tuƙa keke."

Duk da haka ya yi wanka, ya sa rigarsa mai aiki, ya zaɓi fim mai kyau. Aka idar da magariba ya shiga mota ya zare wayar farantin. Mutane suka zo suka zauna gaban ƙyalle, sahu sahu, har da masu tsayuwa. Na daɗe ban ga cika irin wannan ba. Zuciyata ta yi sanyi, na ce to ga shi nan, an dawo.

Ya fara. Wallahi bai taɓa yi kamar na ranar ba. Ya yi muryar tsohuwa, ya yi ta jariri, ya yi ta saniya mai jin haushin dillali. Gumi na zuba. Da labarin safe ya ƙare masa sai ya koma kan tsofaffi, har da sa mai tari. Aka yi dariya kaɗan, irin wadda ake yi wa baƙo. Ina zaune a gefe ina kallon hannayensu. Kowa wayarsa na kan cinya. Wani ya taɓa ta haska, ya duba, ya kife. Can wani ya sake. Wani ya yi dariya tun Garuba bai kai ƙarshen maganar ba. Aka fara tafi a inda ba wurin tafi ba.

Sai wani daga baya ya ce, "Mai Sini, fim ɗin nan dogo ne?"

Wasu suka ce shhh. Alhaji Basiru ya miƙe, ya juya ya fuskanci jama'a, ya ɗaga hannu. Da kyakkyawar niyya ya yi, na rantse. Ya ce, "Haba jama'a, ku ji tsoron Allah. Bawan Allah nan yana mana alheri. Ku yi haƙuri ku bar shi ya gama abinsa, ai ya kusa."

Kowa ya gyara zama ya yi shiru, suna haƙuri.

Garuba ya tsaya da makirfo a bakinsa. A ƙyalle jarumi yana ta motsa baki, babu murya. Sannan ya sunkuya ya ajiye makirfo a kan lasifika a hankali, ya shiga mota ya mayar da wayar farantin. Ba a jima ba sai wayoyi suka ɗauka gaba ɗaya, ƙilin ƙilin ƙilin ta ko'ina. Wani ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Mai Sini!" Da yawa suka ce amin. Suka tashi suka zagaya bayan mota. Fim ya ci gaba shi kaɗai har ya ƙare, ni da wasu tsofaffi biyu da akuya muka gani.

Na shiga na same shi a bakin gado. Na ce, "Garuba, ka jefa abin nan a ruwa. Ga tafki nan."

Ya ce, "In jefa, Baba Abdulai ya kira wa? Kuma ko na jefa, Yaya, sun riga sun gani. Gobe wani zai zo da nasa."

Washegari muka loda kifi muka kamo hanyar Kumasi. Tun daga Yeji har Mampon bai ce komai ba sai sannu idan mun faɗa rami. Mutumin da a da sai na roƙe shi ya yi shiru in yi barci.

Ya kawo motar ya faka a filin da ke gaban gidanmu, bai sake tayar da ita ba. Tayoyin gaba sun sace, ya sa duwatsu.

Ni kam ba zan ɓoye muku ba, murna nake yi. Ƙanena yana gida. Na daina jin faɗuwar gaba idan aka ce mota ta kife a hanyar Tamale ko 'yan fashi sun tare hanyar Buipe. Da safe ni nake kai masa koko, da yamma ya ci tuwona da miyar ayoyo a gabana, in ga ya cinye. Na dafa wake da shinkafa na raba wa maƙwabta sadaka ranar da ya cika wata a gida. Sallar da ta wuce tare muka yi, rabon da haka tun Mma na da rai. Na yi masa ɗinki iri ɗaya da na 'ya'yana. Ina tafiya a unguwa kamar an ba ni kujerar Makka.

Amma shi ba ya nan. Farantin yana kan mota har yanzu, bai kashe ba, don 'yan unguwa sun gano, kuma nan ma an tambaye shi lamba, kuma nan ma ya bayar. Su suke haɗa kuɗin wata da kansu su kai wa Sadick, ba ya ma tambaya. Tun safe har yamma wurin cike yake, masu aboboya, keken ɗaukar kaya, da masu ɗinki, da 'yan kayayo masu dako, har limamin ƙaramin masallaci. An kawo benci, wata ta kafa teburin soya doya. Ko lokacin da yake tashe bai taɓa tara mutane kullum haka ba. Shi kuma yana zaune a kan matakala, hannu a kan gwiwa, yana kallonsu. Idan abin ya tsaya a ce, "Oga, ya ɗauke," ya tashi ya zare ya mayar, ya dawo ya zauna.

Na gwada. Na ce ya yi min muryar mai gida Ashanti, ya ce ya manta. Na ce a bikin 'yar Azaratu maƙwabciyarmu ana neman mai riƙe makirfo, ya ce su nemi wani. Majigin yana cikin akwati, ƙyallen kuma na ga ya yanka ya toshe tagar da ta fashe.

Shekaranjiya wata sabuwar 'yar haya da ta tare a gidanmu ta same ni ina jera kifi a kwando. Ta ce, "Maame Mamuna, ina so a sa min lambar nan, amma ban san yadda zan yi da ƙanenki ba. Yana ji kuwa? Ko da hannu ake masa magana?"

Na ce, "Me kike nufi?"

Ta ce, "An ce min bebe ne."

Na buɗe baki zan ba ta labari, sai na ga idonta yana kan wayarta. Na ce, "Yana ji. Je ki miƙa masa, zai sa miki."